Tsarkin da Ya Koma Zagi: Tarke a Kan Kalmar Sanctimonious

Ɗalibin da ya buɗe ƙamusun Ingilishi na yau ya nemi kalmar sanctimonious zai tarar da ma'ana guda ce ke jiransa, wato mutum mai nuna ya fi kowa tsoron Allah, mai sa rigar taƙawa domin a gani, yana kallon sauran jama'a a wulaƙance. Babu Baturen da za a kira da wannan suna ya yi godiya. Abin mamaki shi ne, idan aka feɗe kalmar aka duba kayan cikinta, ba za a sami ƙarya ko ƙwaya ɗaya ba. 'Yar'uwarta hypocrite da tabonta aka haife ta, domin a Girkanci sunan ɗan wasan kwaikwayo ne, mai fitowa gaban jama'a da fuskar da ba tasa ba. Ita kuwa sanctimonious tsarki ne tsantsa tun daga saiwarta har zuwa ɗafinta. Yadda aka yi sunan tsarki ya koma zagi, da kuma bakin da ya fara furta shi a haka a dandalin wasa, su ne abin da wannan maƙala za ta bi diddigi. Ra'ayina shi ne Ingilishi ya sami makami mai kaifi a wannan sauyi, amma makami ne da ba ya buƙatar shaida kafin ya yanke, kuma wasan da ya fi kowane tallata shi ya san da wannan haɗari.

Saiwar kalmar tana cikin aikatau na Latin sancire, wanda ke nufin a keɓe abu ta hanyar ibada, a kewaye shi da haramci, ta yadda duk wanda ya keta shi zai gamu da hukunci. Abin da aka yi wa haka shi ne sanctus. Daga nan Ingilishi ya samo saint, waliyyi, da sanctuary, wuri mai alfarma inda ba a taɓa wanda ya fake, da kuma sanction, wadda muke ji a labaran duniya da ma'anar takunkumi. Latin yana da ɗafa-ƙeya -monia da ke mayar da hali ya zama suna, kamar yadda Hausa ke yi idan ta fitar da adalci daga adali, ko jaruntaka daga jarumi. Da shi aka gina acrimonia, ɗacin magana, da parsimonia, tsimi. Saboda haka sanctimonia ba ta wuce tsarkin hali da kamewa ba, kuma da wannan ma'ana mai kyau Cicero ya yi amfani da ita a Rum kafin zuwan Kiristanci. Da majami'a ta gaji harshen, sai ta fitar da sanctimonialis, sunan macen da ta bar duniya ta shiga gidan ibada, ta yi alwashin ba za ta yi aure ba. Mai karatu ya riƙe wannan suna na ƙarshe, domin irin wannan mace za ta sake fitowa nan gaba.

A ƙarni na 16 sunan ya shiga Ingilishi a matsayin sanctimony, da mutuncinsa. Sifar da aka gina a kansa ta bayyana wajen shekarar 1600, daidai lokacin da Shakespeare ke tsakiyar aikinsa. Sau biyu sifar ta fito a wasanninsa, kuma waɗannan wurare biyu sun ba juna baya.

Na farko, wanda ya fi sauƙi, yana cikin The Tempest, wasan da aka yi a fadar Sarki James a ranar 1 ga Nuwamba, 1611. A kashi na huɗu Prospero ya ba Ferdinand 'yarsa Miranda, amma ya gindaya masa sharaɗi: kada ya kusance ta sai an kammala dukan bukukuwan ɗaurin aure na addini, in kuwa ya yi gaggawa, to ƙiyayya da rashin albarka ne za su cika shimfiɗarsu. Sifar da ya zaɓa domin ya bayyana waɗannan bukukuwa ita ce sanctimonious. Babu ba'a a bakinsa. Uba ne mai tsoron abin da matasa biyu za su iya yi a tsibirin da babu limami, kuma yana nufin tsarki ne na haƙiƙa. Ɗan Ingila na yau da ya ji wannan wuri a dandali sai kunnensa ya yi tuntuɓe, domin harshensa ya riga ya ƙwace wa kalmar wannan ma'ana.

Na biyu yana cikin Measure for Measure, wanda aka yi a fada ranar 26 ga Disamba, 1604. A kashi na ɗaya, fitowa ta biyu, wani ɗan duniya mai suna Lucio yana hira da wasu mutum biyu masu cin abinci da yaƙi. Ana raɗe-raɗin sulhu da Sarkin Hangari. Ɗaya daga cikinsu ya roƙi Allah ya ba da zaman lafiya irin na sama, amma ban da na Sarkin Hangari, ɗayan kuma ya amsa da amin. Sai Lucio ya kamanta mai amin ɗin da wani ɗan fashin teku da ya fita aiki riƙe da allon Dokoki Goma na Annabi Musa, bayan ya kankare guda ɗaya daga ciki. Nan take abokin hirar ya gane wadda aka kankare: dokar da ta hana sata. Wannan ɗan fashi shi ne aka siffanta da sanctimonious, kuma a nan ne masu ƙamus ke nuna yatsa idan suna neman tsohon misalin ma'anar da muka sani a yau.

Barkwancin ya fi yadda ake zato zurfi. Ɗan fashin bai jefa allon a teku ba, bai kuma kafirce masa ba. Dokoki tara suna nan daram, kuma babu abin da ke nuna ba ya kiyaye su. Ta yiwu ba ya rantsuwar ƙarya, yana girmama iyayensa, yana hutawa ranar ibada. Abin da ya yi shi ne gyara addini daidai da sana'arsa. Wannan ya fi munafunci na fili wuyar kamawa, domin mai yinsa yana iya rantsuwa cewa shi mai ibada ne, kuma kashi tara cikin goma gaskiya ya faɗa. 'Yan kallo na lokacin sun san allon da ake magana a kai, domin dokokin majami'ar Ingila na 1604 sun wajabta a kafa Dokoki Goma a bangon gabas na kowane coci, inda kowa zai gani. Sun kuma san irin ɗan fashin. John Hawkins, wanda ya kai farmaki gaɓar Saliyo yana kama mutane yana sayarwa bayi a yankin Amurka, ya fita a 1564 cikin jirgin da Sarauniya Elizabeth ta ba shi aro mai suna Jesus of Lübeck, kuma cikin umarnin da ya ba ma'aikatan jiragensa har da bauta wa Allah kullum. Ɗan'uwansa Francis Drake ya riƙa jagorantar addu'a a jirgi tsakanin wannan ganima da waccan. Sulhun da James ya ƙulla da Sifen a watan Agusta na 1604 ya toshe wa irin waɗannan mutane hanyar abinci, shi ya sa addu'ar neman zaman lafiya ke yi musu ɗaci a baki.

Akwai wata ƙura da ta taso a kan wannan fitowa wadda bai kamata a tsallake ba. Ba a buga wasan ba sai a 1623, shekara bakwai bayan rasuwar Shakespeare. Manazarta biyu, Gary Taylor da John Jowett, sun kawo hujjoji cewa Thomas Middleton ya yi wa wasan kwaskwarima wajen 1621, kuma farkon wannan fitowa, da maganar Hangari da ɗan fashin duka, daga alƙalaminsa ya fito. Idan haka ne, to jerin ya juya: ma'ana mai kyau ta 1611 ita ce ta riga, ta ba'a kuma ta biyo bayan shekara goma, kuma Shakespeare da kansa bai taɓa amfani da sifar a matsayin zagi ba. Ko ma wace ce gaskiya, abin da ya tabbata shi ne ma'anonin biyu sun zauna tare cikin kundi guda na 1623, kuma waɗanda suka tattara kundin ba su ga abin gyara ba. Kalmar tana kan mararraba ke nan.

Sunan sanctimony ya nuna yadda tsatsa ta fara kamawa. A Othello, Iago ya ambace shi yana nufin alfarmar auren Othello da Desdemona, a daidai lokacin da yake alfaharin cewa wayonsa zai warware auren. Ma'anar kalmar tana nan da kyanta, sai dai bakin da ta fito ya shafa mata raini. A All's Well That Ends Well wani bafade ya ba da labarin Helena, cewa ta tafi ziyarar ibada ta kammala cikin tsananin kamewa, sannan ta mutu da baƙin ciki. Da zuciya ɗaya ya yi amfani da kalmar. Amma ɗan kallo ya san Helena tana raye, kuma kayan ziyarar ne suka kai ta garin da mijinta yake. A wuri na farko mai magana ne ya ɓata kalmar, a na biyu kuwa labarin ne ya ƙaryata ta a bayan idon mai magana. Ta irin wannan hanya kalmomi ke lalacewa: ana yawan jin su a inda ba a gaskata su ba, har kunne ya saba da shakka.

Me ya sa Ingila ta wancan zamani ta zama ƙasar da irin wannan shakka ke tsiro? Dalili na farko shi ne rusa gidajen ibada da Sarki Henry na Takwas ya yi daga 1536, wanda aka halatta da zargin cewa a bayan bangonsu babu komai sai lalata da kwaɗayi. Tsararraki suka tashi suna jin cewa rigar sufi mayafin zunubi ce. Na biyu, wanda nake gani ya fi nauyi, shi ne dokar 1559 da ta wajabta wa kowa zuwa coci ranar Lahadi, wanda ya ƙi kuma a ci shi tarar sule ɗaya. Idan hukuma ta tilasta ibada, to ibada ta daina zama shaidar komai. Mai imani da mai tsoron tara kafaɗa da kafaɗa suke durƙusawa, kuma babu mai iya bambanta su da ido. Na uku shi ne fitowar 'yan Furitan, waɗanda suka ga gyaran addinin bai kai inda ya kamata ba, suka ɗauki tsanani a sutura da magana da ranar hutu, suka kuma sa gidajen wasa a gaba. Sunan nasu ma zagi ne tun farko: maƙiyansu ne suka laƙaba musu shi daga kalmar tsarki, wato abin da ya sami sanctimonious shi ne ya same su.

Rigimar Furitan da 'yan wasa rigima ce ta masu zargin juna da laifi guda. William Prynne, a ƙaton littafinsa Histriomastix mai ɗauke da shekarar 1633, ya koma asalin kalmar hypocrite ya kafa hujja cewa ɗan wasa da munafuki abu ɗaya ne. 'Yan wasa kuma sun daɗe suna mayar da martani cewa mai wa'azin ne ɗan wasa na ainihi, bambancin kawai shi ba ya cire kayan wasansa idan an tashi. Ben Jonson a Bartholomew Fair na 1614 ya fito da wani mai wa'azi da ya tsine wa kasuwar baje koli, sannan ya samo fatawar da ta halatta masa cin gasasshen alade a cikinta har ya ƙoshi. Mai karatun Hausa ya san wani ɗan gidan, wato Malvolio, ta hanyar Daren Sha Biyu, fassarar da Ibrahim Yaro Yahaya ya yi wa Twelfth Night. Ɓangarorin biyu sun yarda ƙarya laifi ce, gardamarsu a kan wane ne mai yin ta. A 1642 majalisa ta rufe gidajen wasa, a 1660 aka sake buɗe su, kuma a fagen harshe dandali ne ya yi nasara. Ƙamusun Samuel Johnson na 1755 ya ajiye ma'anar tsarki da ta kamannin tsarki gefe da gefe. Bayan ƙarni guda, lokacin da Dickens ya zana Pecksniff a Martin Chuzzlewit da Chadband a Bleak House, ma'ana ta biyu ta riga ta haɗiye ta farko.

Wannan shi ne tarihin da aka saba bayarwa, kuma daidai ne gwargwadonsa. Inda nake ganin an yi sakaci shi ne ba a cika tambayar wane ne ya furta kalmar a Measure for Measure ba, da kuma wanda ba a furta ta a kansa ba.

Wasan yana da cikakken mai taƙawar ƙarya. Sarkin Biyana ya yi kamar ya yi tafiya, ya bar wa Angelo riƙon gari, mutumin da aka sani da tsananin kamewa. Angelo ya tono wata tsohuwar doka ya yanke wa Claudio hukuncin kisa saboda ya yi wa wadda zai aura ciki kafin a kammala biki. 'Yar'uwar Claudio, Isabella, ta zo roƙo, sai Angelo ya ce zai saki ɗan'uwanta idan ta ba shi kanta. Bayan ya zaci ya sami abin da ya nema, sai ya ba da umarnin a kashe Claudio duk da haka. Idan akwai wanda ya cancanci sunan a duk adabin Ingilishi, to shi ne, kuma manazarta sun sha kiransa da shi. Amma a cikin wasan babu wanda ya kira shi haka. Abin da aka yi masa ya fi zagi wahala: an kafa masa hujja. An kawo Mariana, wadda ya yi wa alkawarin aure ya fasa bayan dukiyar aurenta ta nutse a teku, ya kuma ɓata mata suna domin ya rufe dalilinsa. An sa ta a madadin Isabella cikin duhu, an tara shaidu, an yi zaman shari'a a ƙofar gari. Kashi biyar wasan ya ɗauka kafin ya tabbatar da tazarar da ke tsakanin fuskar Angelo da aikinsa.

Shi kuwa Lucio cikin numfashi ɗaya ya yanke nasa hukuncin, kuma ga irin mutumin da yake. Ya yi wa wata mace ciki ya musanta a gaban shari'a. Abokin harkarsa Pompey ya roƙe shi beli ana tafiya da shi kurkuku, ya yi masa dariya. Ya tsaya gaban Sarki, wanda ya ɓad da kama cikin rigar sufi, ya riƙa ƙaga masa labaran shaye-shaye da bin mata, yana rantsuwa ya san shi ciki da waje. Lucio ba ya gaskata cewa akwai mai kamewa a duniya. A wurinsa duk mai nuna tsarki yana ɓoye wani abu ne, kuma da yake a Biyana yake zaune, sau da yawa hasashensa na cin daidai. Game da Angelo ya yi gaskiya, game da Sarki ya yi ƙarya, kuma da murya ɗaya ya faɗi duka biyun. Wannan shi ne uban kalmar a ma'anarta ta yau, kuma ta gaji halinsa.

Fitowa ta huɗu a kashi na ɗaya ta nuna ɓarnar a fili. Lucio ya je gidan ibada na mata domin ya sanar da Isabella halin da ɗan'uwanta ke ciki. Isabella tana dab da ɗaukar alwashi, wato tana shirin zama sanctimonialis a ma'anar Latin ta asali. Lucio ya gaya mata cewa ko da yake ya saba yi wa 'yan mata wasa, ita yana ɗaukarta a matsayin waliyyiya wadda dole a yi wa magana da gaskiya. Isabella ta ɗauka ba'a yake yi, ta tsawata masa. Har yau masu shirya wasan sai sun zaɓi yadda ɗan wasa zai furta wannan yabo, domin rubutun bai raba gardama ba. Mutumin da ya mayar da sunayen tsarki abin dariya, ranar da ya buƙaci ɗaya daga cikinsu da gaske sai ya tarar babu mai karɓa a hannunsa. Abin da ya sami Lucio a wannan ƙofa shi ne ya sami harshen Ingilishi daga baya.

Kwatanci da kalmominmu zai taimaka a nan, domin ɗalibin Hausa yakan fassara sanctimonious da riya ko munafunci, kuma duka biyun ba su zauna daidai ba. Munafunci saɓani ne tsakanin ciki da waje, abin da Bahaushe ya taƙaita da cewa Musa a baki, Fir'auna a zuci. Ana iya tabbatar da shi idan aiki ya fito, kamar yadda aka yi wa Angelo. Riya kuwa ta fito daga saiwar Larabci ta gani, wato yin ibada domin idon mutane. Mazauninta niyya ce, kuma malamai sun fi koyar da ita a matsayin cutar da mutum zai bincika a zuciyarsa, tun da ba a ba kowa mabuɗin zuciyar wani ba. Sanctimonious ta sha bamban da su. Ba ta jiran a kama mutum da aikin ɓoye, ba kuma kalmar binciken kai ba ce. Hukunci ne da mai kallo ke yankewa a kan murya da fuska da yadda aka ɗaga gira. Mutum yana iya kasancewa mai gaskiya a duk abin da ya faɗa, yana aikata abin da yake wa'azi, a kira shi da ita, kuma ba shi da hanyar wanke kansa, domin duk ƙoƙarin da ya yi na nuna gaskiyarsa ƙarin hujja ne a kansa. Abin da ya fi kusa da ita a bakin matasanmu shi ne yadda ake cewa wane ya cika ustazanci, inda sunan girmamawa na malami ya koma tsokana. Ingilishi ya taɓa yin irin wannan da silly, wadda kakarta ke nufin mai albarka kafin ta gangaro ta zama wawa, mu ma mun yi da almajiri.

Isabella ce ta fi kowa biyan wannan farashi. Ta ƙi sayar da kanta domin ran ɗan'uwanta, kuma da Claudio ya karaya ya roƙe ta ta yarda, ta yi masa faɗa mai zafi wanda ke da wuyar saurare. Hazlitt a 1817 ya nuna tsananin kamewarta bai burge shi ba, Coleridge kuma ya same ta mara shiga rai. Daga nan aka buɗe ƙofa, har ya zama ruwan dare a haɗa ta da Angelo a kwando ɗaya, a ce dukansu masu taƙama da tsarki ne. Ina ganin wannan zalunci ne da kalmar ta sauƙaƙa. Ana iya tuhumar Isabella da tsauri, da ƙuruciya, da rashin tausasa harshe ga mutumin da ke jiran takobi. Ba za a iya tuhumarta da kankare wata doka daga allonta ba. Dokar da ta fi yi mata tsada ita ce ta riƙe, kuma a kashi na biyar, tana zaton Claudio ya mutu, ta durƙusa ta roƙa wa Angelo rai saboda Mariana ta nemi taimakonta. Kalmar da ba ta iya bambanta wannan mace da mutumin da ya nemi lalata ta, kalma ce da ke auna sauti ta bar aiki.

Kada a ɗauka ina neman a yi wa masu taƙawar ƙarya sassauci. Tsoron da wasan ya bayyana ba tatsuniya ba ce. Philip Stubbes ya nemi a tsananta hukuncin fasiƙanci tun a 1583, kuma a 1650, lokacin da masu ra'ayinsa ke riƙe da mulki, majalisa ta zartar da dokar kisa a kan zinar matar aure. Dokar Angelo ta sauko daga dandali ta shiga kundin ƙasa. Al'ummar da ke da irin waɗannan masu iko tana buƙatar kalmar da talaka zai jefe su da ita, tun da ba kowa ke da Sarki mai rigar sufi da zai tattara masa shaidu ba. Sunan wasan ma daga Linjilar Matiyu aka ɗauko shi, daga wurin da ake gargaɗin mai hukunta wani cewa da mudunsa za a auna masa. Sai dai gargaɗin bai ware kowa ba. A ƙarshen wasan Angelo ya tsira da ransa bisa sharaɗin ya riƙe Mariana, Lucio kuma aka tilasta masa auren matar da ya musanta, kuma laifin da Sarki ya fi jin zafinsa a kansa shi ne ƙazafi.

A yau kalmar ta bar coci kusan gaba ɗaya. An fi jin ta a siyasa da jaridu, ana jifan mai magana a kan muhalli ko cin hanci ko haƙƙin ɗan Adam, kuma amfaninta shi ne ta ɗauke hankali daga abin da aka faɗa ta mayar da shi kan yadda aka faɗe shi. A watan Nuwamba na 2022 Donald Trump ya narka ta cikin sunan abokin hamayyarsa Ron DeSantis ya yi masa laƙabi da ita. Laƙabin bai zo da wata tuhuma da za a iya bincikawa ba, kuma bai buƙaci hakan ba.

Ga mai fassara zuwa Hausa, matsalar a aikace take. Idan ya zo kan Prospero, dole ya nemi kalmomin alfarma, ya ce tsarkakan bukukuwan ɗaurin aure. Idan ya zo kan Lucio, sai ya sauka kasuwa ya ce ɗan fashin teku mai ibadar ganin ido, ko kuma, in ya yarda ya matso da hoton kusa da gida, ɗan fashi mai jan carbi. Kowace fassara ta yi daidai a wurinta. Amma mai karatun da ya bi wasannin biyu a Hausa ba zai taɓa sanin cewa a kundin 1623 kalma ɗaya ce uban amarya da ɗan duniyan suka furta ba.